Wa'azin Lahadin Godiyar Kaka: Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda

  Allah da ya ba mu damina, ya kuma raya mu har muka ga amfaninta, a gare shi godiya take.

Yau gaban bagade ya cika. Ga dammunan dawa da na gero, ga buhunan masara, ga doya da dankali, ga wata kabewa da sai da yara biyu suka tallabo ta, ga kaji ana ta fama da su kada su tashi cikin majami'a. Zumuntar Mata sun shigo da waƙa da rawa, matasa sun biyo baya da ganga, dattawa ma sun taka iyakar ƙarfinsu. Wannan duka daidai ne, gama ya wajaba ga wanda aka yi wa alheri ya nuna godiya. Amma akwai tambayar da nake so kowannenmu ya tafi da ita gida. Kwanon nan da ya zo gaban Allah da rawa ranar Lahadi, zai iya tsallake danga ranar Litinin ya shiga gidan maƙwabci? Tafiyar ta biyu ta fi kusa, amma sau da yawa ita ce ta fi yi mana wuya.

Ranar da kuɗi suka ɓace

Ba mu manta da farkon shekarar 2023 ba. An sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka koma banki, sababbin kuwa ba su wadata ba. A watan Fabrairu da Maris na wannan shekara mutum yana da kuɗinsa a ajiye, amma ba shi da abin da zai miƙa wa mai kayan miya. Mutanen gari suka yi ta kwana a layi. Mutanen ƙauye, waɗanda da yawansu ba su da asusun banki, suka zauna da kayansu ba mai saye.

A cikin waɗannan makonni na je yin Misa a wata ƙaramar majami'a ta ƙauye. Bayan an tashi, na tarar da mata zaune a gindin mangwaro da kwanduna a gabansu, na ɗauka kasuwa ce ta ci. Da na matsa sai na ga babu ko sisi da ke wucewa tsakaninsu. Mai tumatir ta ba da kwano biyu ta karɓi mudun masara. Mai daddawa ta karɓi albasa. Wata Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono ta koma ruga da dawa da ɗaurin alayyafo. Na tambayi wata tsohuwa yadda suke sanin abin da ya yi daidai da wani. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce, "Fada, ai haka iyayenmu suka yi. Ba ni gishiri in ba ka manda." A wannan ƙauye ba wanda ya kwana da yunwa a makonnin nan, alhali a cikin gari masu albashi suna cin abinci sau ɗaya a rana.

Na koma gida ina tunani a kan Bisharar Yohanna sura 6. Taro mai yawa ya bi Ubangiji zuwa hayin tekun Galili, maza kawai wajen 5,000, ga yunwa. Da Yesu ya gwada Filibus da maganar inda za a samo abinci, nan da nan Filibus ya shiga lissafin kuɗi, ya ga ko dinari 200 ba za su kai ko'ina ba. Andarawas ne ya waiwaya ya dubi abin da ke hannun jama'ar da ke wurin, ya hango wani yaro da gurasar sha'ir 5 da kifi 2. Da wannan ɗan guzuri Ubangiji ya ƙosar da taron duka. Mu'ujizar tasa ce, ikon nasa ne, amma ya ga dama ya fara da abin da wani ya yarda ya saki. Yawancinmu 'yan'uwan Filibus ne, in an ce abinci sai mu taɓa aljihu. Matan can na gindin mangwaro sun bi sawun Andarawas.

Abin da muka gada, da yadda muka sake shi

Ba baƙon abu nake kawo muku ba. Dattawan da ke zaune a nan sun san aikin gayya. Mai gona ya sanar, matarsa ta dama kunu ta tuƙa tuwo, samarin unguwa su fito da garma da fartanya, makaɗi yana zuga su, kafin la'asar an gama noman da zai ɗauki mutum ɗaya mako biyu. Gobe a koma gonar wani. Gonar gwauruwa da ta mara lafiya ma akan shiga, ba tare da an jira kunu ba. Haka ake ɗora jinka, haka ake yaɓen rumbu, shi ya sa aka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sun kuma san yadda manomi da makiyayi suka zauna. In an gama girbi, manomi da kansa yake roƙon Bafulatani ya kafa masheƙari a gonarsa. Shanu su ci kara da harawa, su bar taki, gonar ta yi ƙarfi a damina mai zuwa. Matar makiyayi ta kawo nono da man shanu, ta koma da hatsi. Kowa ya ba da abin da ya yi masa yawa, ya karɓi abin da ya rasa.

Me ya same mu? Abubuwa da yawa. Kuɗi suka shiga tsakani, gayya ta koma ƙwadago, wanda ba shi da abin biyan 'yan ƙwadago gonarsa ta kwana cikin ciyawa. Takin zamani ya zo, muka raina takin shanu, muka daina ganin amfanin makiyayi. Jama'a suka yi yawa, aka nome burtali, aka cinye makiyaya, ɓarna ta yawaita, faɗa ya biyo baya. Samari suka tafi birni. Rashin tsaro kuma ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa. A cikin garuruwa muka gina katanga masu tsawo, muka shafe tsakar gida da siminti, har wanda yake da fili a bayan ɗaki yakan tura yaro kasuwa ya sayo ganyen yakuwa.

Gwamnatoci sun yi nasu ƙoƙari. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka ce kowane gida da kowace makaranta su yi ɗan lambu. A 1980 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta kawo nata shirin bunƙasa noma. A farkon shekarun 1990 aka fara shirin raya fadama tare da Bankin Duniya, wanda ya kawo wa masu noman rani ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa. Kowane shiri ya yi nasa amfani gwargwado. Duk da haka, bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi shi, har a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Ku lura da wani abu a nan. Tumatirin da ya yi tafiyar kilomita ɗaruruwa a bayan mota, kana biyan kuɗin mai da na dako da na dillali da na wanda ya ruɓe a hanya. Tumatirin da ya fito daga bayan gidan maƙwabciyarka, tafiyar taku 20 ya yi. Gwamnati tana iya kawo inji, amma ba ta iya kawo maka maƙwabci. Wannan aikinmu ne.

Darasin manna

Kayan lambu suna da wata ɗabi'a da ya kamata Kirista ya yi tunani a kanta. Hatsi yana iya shekara a rumbu. Tumatir in ya nuna bai san rowa ba, kwana kaɗan ya ba ka, ko ka ci, ko ka bayar, ko ka zubar. Alayyafon da aka yanka da safe kafin yamma ya yi yaushi. Kuɓewar da ba a tsinka ba cikin 'yan kwanaki ta ƙosa ta zama itace.

Wannan yana tuna mini da manna a Littafin Fitowa sura 16. Allah ya umarci Isra'ilawa kowa ya tara abin da zai ishe shi a ranar. Waɗanda suka ɓoye don gobe suka wayi gari abin ya yi tsutsa yana wari. Manzo Bulus ya ɗauko wannan labari a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa sura 8, lokacin da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima. Bai nemi Korantiyawa su tsiyace don wasu su huta ba. Abin da ya koya musu shi ne daidaito: yalwar da kake da ita yau ta toshe rashin ɗan'uwanka, domin wata rana tasa yalwar ta toshe naka rashin. Ba wanda yake mai bayarwa kullum, ba kuma wanda yake mai karɓa kullum.

A nan ne musayar kayan lambu ta bambanta da sadaka. Sadaka abu ne mai kyau, Ubangiji ya umarce mu da ita. Amma wanda kullum shi ake miƙa wa, kansa yakan sunkuya. Matar da ta kawo ɗan ƙullin daddawar da ta yi da hannunta ta karɓi kabeji, takan koma gida da kanta a sama, domin ita ma an bukaci abin hannunta. Manda baƙi ne, gishiri fari ne, amma kowanne yana da aikin da ɗayan ba zai yi ba.

Marigayi Paparoma Faransis, a wasiƙarsa mai suna Laudato Si' ta shekarar 2015, ya tuna wa duniya cewa ƙananan manoma da masu lambu da masunta su ne suke ciyar da mafi yawan mutanen duniya, da ƙasa kaɗan da ɓarna kaɗan. Saboda haka kada mai kwami huɗu na albasa a bakin rafi ya raina kansa. Tun a Littafin Farawa sura 2, aikin farko da Allah ya danƙa wa mutum shi ne ya nome gonar Adnin ya kuma kiyaye ta.

Abubuwan da ke kashe zumuntar lambu

'Yan'uwana, ba zan ɓoye muku ba, wannan hanya tana da ramuka. Na ga ƙungiyoyi da aka fara da addu'a suka ƙare a gaban mai unguwa. Bari in ambaci abubuwan da ke kashe su, domin rigakafi ya fi magani.

Na farko shi ne algus. Mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki, kwandon da aka jera manyan tumatir a sama aka ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, nonon da aka tsarma wa ruwa, waken da aka san ƙwari sun huda shi. Annabi Amos a sura 8 ya yi kakkausar magana a kan masu rage mudu da masu sayar da ƙaiƙayi a madadin alkama, ya nuna Allah ba ya manta irin wannan aiki. A zamaninmu akwai wani algus da ya fi wannan haɗari: mutum ya yi wa ganye feshin maganin ƙwari yau, gobe ya yanka ya ba maƙwabciyarsa ta dafa wa yara. A jikin kowace kwalbar magani an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci. Wanda ya san bai jira ba ya kuma bayar, ya yi wasa da ran ɗan'uwansa, wannan kuwa abin kai wa gaban Fada ne a ɗakin furta zunubi. A kasuwar nesa mai algus yana iya ɓacewa cikin taro. A unguwa ba shi da wurin ɓuya, in ya cuci mutum sau ɗaya ya rufe wa kansa ƙofa goma.

Na biyu shi ne ragwanci. Akwai masu zuwa gayya lokacin da aka sauke tuwo, akwai kuma waɗanda gayyarsu ta ƙare a gindin tukunyar burkutu tun rana ba ta take ba. Ranar ban ruwa ciwon baya ya tashi, ranar rabo kuma an warke sarai. Manzo Bulus bai yi wa irin waɗannan sassauci ba a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa sura 3, inda ya haɗa haƙƙin cin abinci da yarda a yi aiki. Maganarsa a kan wanda ya ƙi aiki ne, ba ta shafi wanda ya kasa ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na uku shi ne haɗama a kan fili da ruwa. Ku tuna da Sarki Ahab a Littafin Sarakuna na ɗaya sura 21. Me ya sa ya yi ƙyashin gonar inabin Nabot? Domin tana kusa da fadarsa, yana so ya mai da ita lambun kayan miya. Saboda lambu aka yi wa Nabot shaidar zur aka jajjefe shi, Annabi Iliya kuma ya zo da hukuncin Allah. Har yau ana samun mai ƙarfi ya matsa iyaka cikin dare, ko mai inji ya zauna a saman rafi ya janye ruwa duka, na ƙasa su zuba ido shukarsu ta ƙone. Ana samun dangin miji su ƙwace fadamar marayu tun ba a share makoki ba. Irin wannan lambu ko ya yi kore, Allah yana jin kukan da ke ƙarƙashinsa.

Wanda ba shi da manda fa?

Yanzu wani zai ce, to, Fada, musaya sai mai abin bayarwa. Makaho fa? Tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi birni suka manta da ita fa? Waɗanda aka koro daga ƙauyukansu suka zo suka raɓa da mu, ba gona ba rumbu fa?

Allah ya riga ya ba da amsa a Littafin Firistoci sura 19. Ya hana mai gona ya girbe gonarsa har gefe, ya kuma hana shi komawa ya tsince abin da ya zube. Wannan rabon matalauci ne da baƙo. Mu ma mun san kala a ƙasarmu. Abin lura shi ne, Shari'a ba ta ɗauki kala a matsayin kyautar da mai gona yake yi in ya ga dama ba, haƙƙi ne da Mai ƙasa ya ware tun kafin a sa lauje. Rut, gwauruwa ce kuma baƙuwa daga Mowab, da kala ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi. Bo'aza har ya ce wa masu girbinsa su riƙa zare zangarniya da gangan suna yar mata, kada kuma kowa ya kunyata ta. Wannan mai kala ita ce ta haifi Obed, kakan Sarki Dawuda, sunanta kuma yana cikin jerin kakannin Ubangijinmu Yesu.

Saboda haka kowane lambun haɗin gwiwa da za a yi da sunan Kristi, a ware masa kunyar kala tun ranar da aka auna fili. A kowace ranar musaya a ajiye kwando guda wanda kowa zai jefa wani abu a ciki, 'yan Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul su kai shi inda ya kamata ba tare da shela ba. Wanda kuma ba shi da kaya amma yana da ƙarfi, ƙarfinsa shi ne mandarsa: ya yi ban ruwa, ya yi gadi, ya karɓi rabonsa da mutunci. Tsohuwar da ba ta iya sunkuyawa tana iya zama ta yanka kuɓewa a shanya, ta kuma koya wa 'yan mata yadda ake adana iri.

Maƙwabcin da ba ya zuwa majami'armu

Ga magana mai nauyi, amma dole in faɗe ta. Rafin da muke ɗiba bai san Kirista ba, bai san Musulmi ba. Tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da wasu jihohi a 2016 har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta, ba ta tambayi addinin mai gona ba. In gonar maƙwabcinka ta kamu, taka ce ta gaba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na sani a cikinmu akwai waɗanda suka binne 'yan'uwansu, akwai waɗanda aka ƙone musu rumbu. Ba na ce ku manta ba, ba na kuma ce a bar masu laifi ba hukunci. Neman adalci wajibi ne, Ikkilisiya kuma ba za ta yi shiru a kai ba. Amma makiyayin da ya shekara 30 yana gaishe ka, matarsa tana kawo wa matarka nono, ba daidai ba ne a ɗora masa laifin ɗan bindigar da shi ma yake kore masa shanu. Duk ranar da ƙwaryar nono ta daina shiga unguwa, mudun dawa ya daina zuwa ruga, a ranar ce jita-jita take samun ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mutanen da suke haɗuwa kowane mako suna auna wa juna kaya, in ɓarna ta auku sun san sunan wanda za su kira, sun san inda za a zauna a biya diyya kafin a kai ga zare adda.

A shekarar 1995 a birnin Yawunde, Waliyyi Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya miƙa wa nahiyarmu sakamakon taron Bishop-bishop na Afirka, inda aka kwatanta Ikkilisiya da iyalin Allah. Iyalin kirki kuwa ana gane shi ta yadda yake zama da maƙwabtansa.

Abin da za mu yi a wannan rani

Kada wannan wa'azi ya tsaya a kunne. Ruwa ya ɗauke, sanyin hunturu da kayan lambu suke so ya kusa, yanzu ne lokaci.

Gidaje 5 zuwa 10 da ke kusa da juna su zauna tare cikin wannan mako, tare da Katekis ko wani dattijo, su duba abin da suke da shi: wa yake da fili, wa yake da rijiya ko inji, wa yake da taki, wa yake da iri, wa yake da ƙarfi. Filin majami'a da ke kwance, kwamiti ya duba yadda za a ba da aronsa. Duk abin da aka shirya a kan fili da ruwa da rabo a rubuta shi a gaban shaidu tun ana dariya, domin a guje wa ranar da za a yi shi ana huci.

Kada kowa ya shuka abu ɗaya. In gida goma duk suka yi tumatir, za su nuna lokaci guda, ba mai karɓar na wani, in cuta ta zo kuma ta share duka. Wannan ya yi albasa, wancan tattasai da attarugu, wata alayyafo da yakuwa, wata karas da kabeji. A yi renon iri wuri ɗaya a raba dashe. Tumatir yakan isa dashe cikin mako 4 zuwa 6. Alayyafo kuwa wata guda da 'yan kwanaki ya isa yanka, in ana shuka shi kashi-kashi kowane mako biyu, miya ba za ta yanke ba. Wanda yake haya a gari ba shi da fili, tsohon buhu da aka cika da ƙasa da taki yana ɗaukar tushen barkono ko tumatir, ruwan ɗaurayar hatsi da na wanke ganye kuma ya ishe shi. Reshen zogale in an kafa shi a jikin danga yakan kama, ya zama shinge ya zama miya.

A haƙa ramin taki a zuba shara mai ruɓewa da toka da kashin dabbobi, ana yayyafa ruwa ana juyawa. A adana irin gida na kuɓewa da yakuwa da gauta, a riƙa ba juna. Irin kamfani da aka yi wa aure yana ba da amfani sosai a shukar farko, amma in ka ɗebi 'ya'yansa ka sake shukawa ba zai fito kamar uwarsa ba, gara a san wannan tun da wuri. Abin da ya yi yawa kuma kada a bar shi ya lalace. Bayan Ubangiji ya ƙosar da taron nan, ya sa almajirai su tattara gutsattsarin da suka rage, aka cika kwanduna 12. A yanka tumatir a yi kauɗa, a shanya kuɓewa da barkono a kan tabarma mai tsabta nesa da ƙurar hanya, domin watannin bazara da farkon damina lokacin da kayan miya suke tsada.

A ƙarshe a tsai da rana ɗaya a mako da wuri ɗaya na musaya, da mudu ɗaya wanda kowa ya yarda da shi. A bar ƙofar a buɗe ga duk maƙwabcin da ya zo da niyyar alheri. Ba a hana kowa kai kayansa kasuwa ba, gama kuɗin makaranta da na asibiti ba a biyan su da albasa. Abin da nake roƙo shi ne, kafin kwando ya hau mota, a tabbata tukunyar unguwa ta samu nata.

A gaban bagade

Nan da ɗan lokaci za a kawo gurasa da ruwan inabi. Ba daga sama suka faɗo ba. Wani ya nome alkamar, wani ya girbe, wani ya niƙa, wani ya gasa, hannuwa da yawa da ba mu san masu su ba. Wannan aikin hannun mutane ne Ubangiji yake karɓa ya mai da shi Jikinsa da Jininsa. A nan ne ake yin musayar da ta fi kowace girma: mu kawo masa ɗan abin da muke da shi, shi kuwa ya ba mu kansa. Ba mu da mandar da ta kai wannan gishiri. Wanda ya miƙa hannu ya karɓi irin wannan kyauta, ya kuma koma gida ya bar tumatir yana ruɓewa a bayan ɗaki alhali maƙwabciyarsa tana kaɗa miya da ruwa da gishiri, bai gane abin da ya karɓa ba tukuna.

Ku tafi ku buɗe ƙofa a jikin dangarku. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Uba, mai ba da ruwan sama da raɓa, mun gode maka saboda amfanin wannan shekara. Ka sa albarka a gonakinmu da lambunanmu da garkunanmu. Ka tsare manomi a hanyar gonarsa, ka tsare makiyayi a hanyar kiwonsa, ka komar da waɗanda aka kora zuwa gidajensu lafiya. Ka ba mu mudu na gaskiya da hannu mai saki, kada wani ya kwana da yunwa a unguwar da aka san sunanka. Budurwa Maryamu Uwarmu, da Waliyyi Isidor manomi, ku yi addu'a dominmu. Mun roƙa ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.